Makonnin da Akwatin Rijiyoyi Ya Kurumce

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe 6:20 na safe

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Ba a yi ruwa ba. Yau kwana ashirin da uku rabon da ɗigo ya taɓa ƙasa a Sabon Birni. Geron da aka shuka da ruwan farko ya tsaya iya idon sawu, ya naɗe ganye. Bara ma haka aka yi. Mutane sun yar da zumunci, suna tauye mudu, sannan su ɗaga kai suna tambayar sama abin da ya hana ta zubowa.

Na koma ga littafin nan ne don mace mai mutunci ba ta baza cikinta a bakin rijiya. Takarda ba ta kai tsegumi.

Ruƙayyatu, ɗiyata, ba ta taɓa kunu ba. Jiya ma haka. Tun da abin Tsamaye ya faru take zaune gaban kwamfuta a ɗakin marigayi babanta, inda akwatin yake.

Bari in rubuta abin yadda yake, tunda kowa na faɗin nasa. Wata ƙungiya ta kafa 'yan na'urori a rijiyoyin burtsatse goma sha ɗaya, daga Burkusuma har Tozai. Kowace na aiko da labari ta iska: ruwa ya kai kaza, famfo na aiki ko ya tsaya. Akwatin da ke gidanmu shi ke karɓa, ta eriyar da aka kafa a tsakar gida, batirin sola ke riƙe da shi. Ƙarfe sha biyun kowace rana sai ya tura saƙo wayoyin makiyaya da masu unguwanni, kowa ya san inda zai kora dabbobinsa. Ruƙayyatu ce ta rubuta abin da ke sa akwatin ya ji. Aikinta ke nan, shi ya hana ta tafiya Legas kamar 'ya'yan wasu.

Larabar da ta wuce famfon Tsamaye ya ƙone da hantsi. Akwatin bai ji ba. Sha biyu na yi ya gaya wa jama'a akwai ruwa a Tsamaye. Labbo, makiyayin da rugarsu ke bayan gari, ya kora shanunsa cikin ranar nan, ya tarar da kwamin shan ruwa a bushe. Bakwai ba su dawo ba.

Litinin, ƙarfe 4:10 na yamma

Attahiru, shugabansu, ya kira daga Sakkwato. Ta saki muryar wayar don hannunta na kan aiki, na ji komai daga inda nake tankaɗe.

"Ruƙayya, ni ban ce ke ce ba. Amma na sama sun ba da mako uku. In ba ki nuna inda saƙon ke ɓacewa ba, da hujja, za su kwashe na'urorin su ba wasu aikin."

"To, Yallaɓai."

Da ya kashe na ce mata wanda ya karɓi amana ba ya hutawa sai ya sauke ta. Ta ce, "Na sani, Inna." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Yaran yanzu "na sani" suke ce wa uwarsu.

Mako uku ya kama ashirin da biyu ga wata.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe 2:30 na rana

Na kai mata fura, na ce sai ta sha a gabana. Na ce kuma ta yi mini bayani, ni ma na yi sakandare, ba a rufe mini kai da turanci.

Ta ce a cikin akwatin akwai ƙaramin rediyo, akwai kuma babbar manhajar da ke riƙe da na'urar gaba ɗaya, cibiyarta suke kira kanel. Tsakanin su biyu akwai ɗan rubutun da ita ta yi, direba sunansa. In saƙo ya iso, rediyon sai ya ƙwanƙwasa, direba ya tashi ya karɓa ya miƙa ciki. In wani abu ya lalace a hanya, direba na da wurin da yake ƙirga kuskure.

"To kuskure nawa ya ƙirga ran Laraba?"

"Sifili, Inna. Shi ne abin da ke cina. Shina cewa komi lahiya."

Yanzu wai tana dasa alama a kowace ƙofa da saƙo ke bi a ciki, kowace ta rubuta lokacin da aka wuce ta. Na ce ai kamar yadda muke barbaɗa toka a bakin akurki ne, a ga sawun abin da ke cin kaji. Ta yi dariya, karo na farko cikin mako. Ta ce haka ne daidai.

Sai ta ce, "Inna, ba wanda ke taɓa batirin ga in na fita, ko?"

Na ce, "Ni kike tambaya?"

Ta ce, "Yi haƙuri." Ta koma ga aikinta.

Ban yi ƙarya ba. Tambaya na yi.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe 10:50 na hantsi

Ruƙayyatu ta tafi bakin tasha, can ne sabis ke kamawa sosai, kullum da hantsi take zuwa ta yi magana da mutanen ofishinsu. Hajo, matar Labbo, ta shigo da ƙwaryarta a ka, faifai a rufe. Shanunsu sun daina ba da nono tun watan jiya, amma ƙwaryar ba ta zuwa wofi. Ta rame. Na yi mata jajen shanun, ta ce na Allah ne. Ko sunan ɗiyata ba ta ambata ba, wannan tarbiyya ce.

Na yi mata abin da maƙwabci ke yi wa maƙwabci.

Uwata, Allah ya ji ƙanta, shekara hamsin tana aure ba ta taɓa mayar da mai ɗiban garwashi hannu wofi ba, ko da ita da wadda ta aiko ba sa ga maciji. Haka aka rene mu.

Laraba, ƙarfe 5:00 na yamma

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe 7:15 na safe

Tokarta ta kama wani abu. Ta ce jiya akwatin ya sake kurumcewa, tun daga sha ɗaya saura minti takwas har lokacin da ta dawo ta kashe shi ta kunna. Rediyon bai ƙwanƙwasa ba ko sau ɗaya, daga rijiya goma sha ɗaya. Kuskure kuma sifili.

Ta ce, "Ba a ciki saƙon ke ɓata ba. Ko ƙofar fari ba ya isowa."

Na ce ta yawaita istigfari. Na share tsakar gida sau biyu.

Juma'a, 5 ga Yuli, ƙarfe 4:40 na yamma

Na je barka gidan Maliki mai awo. Ina shiga hira ta mutu. Jamilatu, matar ƙaninsa, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Malama Mairama, ina 'yar akwati? A tambayo mana ita ko yau akwai ruwa a gulbi, mu ɗauko wanki."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ce mata, "Ɗiyata aiki ta yi ya ɓaci. Wadda ba ta taɓa aikin komi ba ai ba abin da zai ɓaci a hannunta." Na ajiye sabulun barka na fito.

A hanya na wuce ƙofar gidanmu ban sani ba, sai da na juyo. Zafi ne.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan azahar

An fita roƙon ruwa, har da tsofaffi a kan jakuna. Ba a yi ruwa ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe 11:25 na hantsi

Na yi niyyar in ce wa Hajo ta dakata da zuwa har ƙarshen wata. Na ma shirya kalmomin tun asuba.

Ta sauke ƙwarya ta buɗe faifai: wayoyi tara na matan ruga, da fitila biyu masu caji. Ta ɗaga tata, wadda aka ɗaure da roba.

"Malama, kwana tara ke nan ban ji muryar Jibrilla ba. Shi da sauran shanun suna can kudu, ban san dajin da suke ba. In ya kira ya iske ta a mace fa?"

Ɗanta ne. Mi za ni ce? In ce ga rana tana zuba kyauta a kan rufina, amma ba za ni sam miki ba?

Waya ɗan ƙaramin abu ne. Batirin nan ya kai girman tukunyar biki. Ai hankali ma ba zai ɗauka ba.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 6:40 na safe

Jiya ma ya kurumce. Ba ta ce mini komai ba, na gani a tafiyarta.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe 10:10 na hantsi

Hajo. Jibrilla ya kira, suna lafiya, saniya ɗaya ta haihu. Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana sa mini albarka. Wayoyi goma sha ɗaya yau.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe 3:00 na rana

Na shiga share ɗakin. Ta manna takarda a bango, ta jera ranaku da lokutan da akwatin ya daina ji, ta zagaye su da jan biro. A ƙasa ta rubuta tambayoyi: zafi? iska? eriya? wani na toshe layin da gangan? Duk ta soke su sai biyu.

Na tsaya da tsintsiya a hannu na karanta. Laraba, 10:52. Lahadi, 11:27. Laraba, 10:13.

Na dawo ɗakina na buɗe shafukan baya na littafin nan.

Larabar Tsamaye tana can saman takardar, 9:40. Wannan ba ta cikin littafi. Ba na buƙatar littafi.

Alhamis, bayan la'asar

Agogona na iya yin gaba ko baya. Tsohon agogo ne.

Juma'a, 12 ga Yuli, ƙarfe 8:00 na safe

Jiya na shanya hatsi a rana na manta, kaji suka cinye. Na zuba gishiri sau biyu a miya. Ruƙayyatu ta ci, ban san ko ta ji ba.

Shekara ashirin da shida ina gaya mata ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na taɓa hana ta abincin rana don ta ce ta yi sallah alhali ba ta yi ba, tana 'yar shekara tara. Ta yi kuka har ta shiɗe, ban sassauta ba. Da wane baki?

Kuma ban tabbatar ba. Mutum ba ya shaida a kan zato.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe 5:20 na yamma

Ta ce jibi za ta Tsamaye. Tunda ta bincika komi na gida ba ta ga aibu ba, kuma ba mai taɓa batir, to wataƙila na'urar da ke kan tankin Tsamaye ce ke haukacewa ta cika iska da hayaniya har sauran su kasa isowa. Sai ta hau ta gani da idonta. Ta riga ta yi magana da Wada, ƙanena, zai kai ta a mashin.

Na ce ba za ta ba.

"Don mi, Inna?"

Na ce ɗiya mace ba ta hawan tanki maza na kallo. Na ce kowa ya san abin da ke hanyar nan, ba za ni rubuta shi nan ba ma. Na ce ubanta da yana raye da bai yarda ba.

Ta ce, "Kwana tara sunka rage. Ke kika ce wanda ya karɓi amana ba ya hutawa. In kina da wani wurin da za ni duba, gaya mini, in zauna gida."

Ta tsaya tana kallona. Na ce ta ɗauki mayafi mai kauri.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe 7:05 na safe

Sun tafi. Na tofa mata addu'a a ka. Wada ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, kafin azahar muna gida."

Ƙarfe 10:30

Hajo ta zo. Ban bar ta ta sauke ƙwarya ba. Na ce gidana ba shagon caji ba ne. Ta dube ni kamar na mare ta, ta ce, "To, Malama, Allah shi huci zuciyarki." Ta juya. Ba abin da ta yi mini.

Ƙarfe 1:15

Wayarta ba ta shiga. Ta Wada ma.

Ƙarfe 2:40

Ba ta shiga.

Ƙarfe 3:50

Na fita ƙofar gida sau shida. Wani mai mashin ya wuce da gudu daga wajen, bai tsaya amsa sallama ba. Masu shago a bakin titi sun fara jan ƙofofi. Ba wanda ya ce komi, ba wanda na tambaya.

Ya Allah, in akwai mai laifi a gidan nan ka san ko wace ce. Kada ka kama wadda ba ita ba.

Ƙarfe 5:45

Sun dawo. Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Takalminta ƙafa ɗaya. Ƙaya ta yage mata hannu har gwiwa. Ta wuce ɗaki. Wada ya sha ruwa kofi uku a tsaye, sannan ya ja ni zaure.

"Yaya, awa biyu muna kwance cikin busasshen rafi, mashin a kashe, hannuna a kan bakinta. Kada ki sake barinta ta bi hanyar nan, ko mi za a ba ta."

Na ce, "Ta samu abin da ta je nema?"

"Ta hau tankin, ta auna, ta sauko. Ta ce ƙalau yake."

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe 6:30 na safe

Ba a yi ruwa ba. Na gasa mata hannun da ruwan ɗumi. Ban iya kallon fuskarta ba, na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Talata, ƙarfe 11:00 na hantsi

Ba ta je tasha ba. Ta ce saura na'urar Burkusuma, ita ma a kan tudu take, ita ce zato na ƙarshe. Wada ya ƙi, amma akwai wani mai mashin da ke kai kaya bakin iyaka, ta aika a tambaye shi ko zai kai ta. Alhamis.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sau nawa na faɗa wa matan unguwar nan haka.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe 9:15 na safe

An gama.

Na yi alwala kamar mai shirin sallah, na ɗauki littafin nan na shiga ɗakin. Na tsaya gaban takardar bango. Na ce, "Ki karanta naki, in karanta nawa."

Ba ta gane ba. Na ce ta karanta kawai.

"Laraba, uku ga wata, goma da hamsin da biyu."

"Goma da hamsin, Hajo ta shigo."

"Lahadi, sha ɗaya da ashirin da bakwai."

"Sha ɗaya da ashirin da biyar. Wayoyi tara, fitila biyu."

Ba ta karanta na ukun ba. Na faɗa mata sauran da bakina: soket mai baki goma sha biyu na saya tun watan azumi, yana ƙarƙashin gadona, in ta fita nake jona shi a batir, in na ji lokacin dawowarta ya yi in cire. Na ce ranar Larabar Tsamaye ma haka.

Na ɗauka za ta yi ihu. Da ta yi da ya fi mini. Ta dubi hannunta da ke naɗe da tsumma, ta daɗe tana dubansa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Alhamis."

"Kafin in tafi."

"Kafin ki tafi."

Ta gyaɗa kai. Ta jawo kwamfutar gabanta. Ta ce, "A aika a kira Hajo. Ta taho da wayoyin duka, da fitilun."

Laraba, ƙarfe 2:20 na rana

Ni na je da kaina har ruga na kira ta, don na san ba za ta amsa aike ba bayan abin da na yi mata.

Ruƙayyatu ta ƙara wata alamar a kan ƙarfin batir, ta zauna. Ta ce, "Inna, ki yi yadda kike yi. Daidai yadda kike yi, kada ki canza komi."

A gaban ɗiyata da baƙuwa na durƙusa na jawo soket daga ƙarƙashin gado. Na jera wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowace da igiyarta, na san ta wace ce duk da ban san matan ba. Na sa fitilun a ƙarshe. Sannan na jona.

Koriyar fitilar akwatin ta ƙyafta sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Da ban zuba ido ba da ban gani ba. Layukan da ke gudu a fuskar kwamfutar suka tsaya cak.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ga ka nan, ɗan banza! Kwana ashirin!"

Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta nuna mana, muryarta a dishe. Lokacin da aka jona kayan gaba ɗaya ƙarfin batir ya faɗi, bai kai ƙiftawar ido ba ya dawo. Babbar na'urar ba ta ji komi ba. Amma ɗan rediyon ya suma ya farfaɗo, ya manta duk abin da aka gaya masa, har da cewa ya riƙa ƙwanƙwasawa.

"Shi kuma direban nawa ya zauna shina jira. Awa uku ba wanda ya taɓa ƙofa, bai tashi ya leƙa ba ko sau ɗaya. Wannan nawa ne, ba na kowa ba. Ko gajimare ya rufe rana da batir ya tsufa, haka za ta faru."

Na ce, "Kada ki ɗauke mini kayana."

Ta ce, "Ban ɗauke ba, Inna. Naki na nan. Nawa nake faɗi."

Hajo tana tsugune bakin ƙofa, duk mun manta da ita. Ta ce a hankali, "Malama, wato wayata ce ta kai Labbo Tsamaye?"

Na ce, "Ke roƙo kika yi. Ni aka hana, ni na jona."

Ta tattara wayoyin, ko ɗaya ba ta cika ba, ta rufe faifai.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe 4:00 na yamma

Ba a je Burkusuma ba.

Ta gyara rubutun. Yanzu in minti biyar ya wuce ba a ƙwanƙwasa ba, direba zai tashi ya duba rediyon da kansa, ya sake gaya masa aikinsa, ya rubuta cewa an yi kuskure. In kuma labarin wata rijiya ya tsufa, saƙon sha biyu zai ce "ba mu sani ba", ba zai maimaita na jiya ba. Sau goma sha huɗu ta sa ni na jona soket na cire, da dutsen guga da fitilar Wada a madadin wayoyi. Sau goma sha huɗu ya farfaɗo. Ba ta yi mini magana ba sai "jona" da "cire".

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe 10:00 na hantsi

Na ce ta karanta mini rahoton kafin ta tura. Ta fassara mini. Shafi huɗu a kan kuskurenta, da lokuta, da zane. A kan nawa layi ɗaya: an ɗora ƙarin kaya a kan batir.

Na ce ta rubuta wadda ta ɗora.

"Ba su tambayi wa ba, Inna. Mi sunka tambaya."

Ta tura.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Tunda takarda ba ta ɗauki sunana ba, na kai shi da ƙafata.

Labbo yana zaune gindin aduwa yana tufka igiya. Shanun da suka rage suna tsaye, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Hajo ta riga ta gaya masa, na gani, amma na faɗa tun daga farko, ban rage komi ba. Na ce a gari ana zagin ɗiyata ita kaɗai, ina so ya san yadda aka yi.

Ya daɗe yana tufka.

"Malama, da kin hana ta cajin, da mun ce ke marowaciya ce. Har yau da muna faɗi."

Na ce na sani.

"Jar saniyar nan da ta faɗi, kakarta ubana ya ba ni ranar da anka yi mini aure." Ya ja igiyar da haƙori. "Bakina ba kasuwa ba ne. Amma wanda ya tambaye ni, za ni gaya mishi abin da kika ce."

Ya sa Hajo ta kawo mini ruwa a ƙoƙo. Na san nisan inda suke ɗebo shi. Na so in ce na ƙoshi, ya zuba mini ido har na shanye.

Litinin, 22 ga Yuli, ƙarfe 12:30 na rana

Attahiru ya kira. A waje ta amsa, ban ji ba. Da ta shigo ta ce na'urorin za su zauna, aikin ma nata ne, har sun ce a sa gyaran nata a akwatin garin Isa. Na ce alhamdu lillahi. Ta ce alhamdu lillahi. Ta ci tuwo malmala biyu.

Sha biyu saƙo ya fita: rijiya tara da ruwa, Tsamaye babu, Tozai ba mu sani ba.

Ba a yi ruwa ba. Hajo ba ta sake zuwa ba.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe 5:10 na yamma

Wani kafinta ya zo da safe, ita ta kira shi. Ya yi wa batirin gida na katako, mai ramukan shan iska, da murfi. Da ya tafi ta ciro sabon kwaɗo daga jakarta ta datse. Makulli biyu ne a zoben. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta zare ɗaya ta sa a jaka, ɗayan ta ɗaura a bakin mayafinta. Ta ce, "Inna, za ni tasha, ko kina da saƙo?"

Na ce babu.

A gidan mijina, a ɗakin da na haife ta. Na zauna bakin gado na daɗe ina neman fushin, ban same shi ba. Da ni ce ita, haka za ni yi. Ni na rene ta.